Sharuɗɗan Kundin Digiri na Farko a Fagen Nazarin Matanin Magabata: Darasi Daga Gobir ta Sabon Birni da Isa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi sharuɗɗan da ake gindaya wa ɗalibin ajin ƙarshe kafin a karɓi kundinsa a sassan Larabci da Hausa da Tarihi, musamman idan aikin ya shafi abin da magabata suka bari a rubuce ko a baka. An ɗauki yankin Sabon Birni da Isa a matsayin ma'auni, domin a nan ne rubutun malaman jihadi da ruwayar Gobirawa da waƙar fada suka haɗu a kan tarihi guda, kowanne da nasa bayanin. Maƙalar ta waiwayi yadda jami'o'in da ke koyar da Girkanci da Latin suke ɗaure ɗalibi da matani na asali, sannan ta nuna cewa zaurukanmu sun daɗe a kan irin wannan tarbiyya. Daga nan ta kawo sharuɗɗa shida da take ganin sun wajaba a kan kundin wannan fage: harshe, matani guda, siffanta kwafi, sauraren ɓangarori biyu, kare ran ɗalibi, da karewa tare da ajiya.

1.0 Gabatarwa

Kusan babu ɗalibin fannonin fasaha da jami'a take ba shaidar digiri na farko a Nijeriya sai ya rubuta kundi a shekararsa ta ƙarshe. Haka tsarin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ya tanada, tun daga ƙa'idojin 2007 har zuwa sabuwar manhajar da ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, wadda ta bar wa majalisar kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Kundin nan yakan fi kowane kwas nauyi a lissafin maki, kuma shi ne aikin farko da ɗalibi yake fuskantar ilimi shi kaɗai, ba allo ba lacca.

Sharuɗɗan da muka saba ji a kansa na siffa ne: babi biyar, yawan shafuka, tazarar layi, kalar bango, sa hannun mai dubawa da na shugaban sashe. Duk suna da amfaninsu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sharaɗin da ya taɓa cikin aikin. Wane matani ɗalibin ya karanta da idonsa? Da wane harshe ya karanta shi? Wa ya ba shi, kuma ina matanin yake yanzu?

Da'awar wannan maƙala guda ce. Duk kundin da ya ce yana nazarin abin da magabata suka bari, to a wajabta masa tsayawa a kan tushe ɗaya na asali, wanda ɗalibin ya karanta ko ya saurara da kansa, ya daidaita shi, ya fassara, ya yi masa sharhi. Na zaɓi Sabon Birni da Isa domin babu inda buƙatar wannan sharaɗi ta fi fitowa fili kamar can, kuma babu inda jinkiri ya fi tsada.

2.0 Matanin Magabata a Wurinsu da a Wurinmu

A Turai da Amurka akwai fage mai zaman kansa na nazarin harsuna da adabi da tarihin tsofaffin Girkawa da Rumawa. A Nijeriya, Jami'ar Ibadan ce take da wannan sashe tun kafuwarta a 1948. Ɗalibin da yake son ya fita da digirin yabo a wannan fage yakan cika wasu sharuɗɗa da kusan duk jami'o'in suka yi tarayya a kansu. Sai ya kai matakin da zai karanta Girkanci ko Latin ba tare da jingina da fassara ba. Sai makinsa ya kai wani mizani. Sai ya miƙa tsarin bincike an amince da shi tun kafin shekarar ƙarshe ta yi nisa, ya sami malami mai dubawa da mai karatu na biyu, sannan a wurare da yawa ya zauna gaban malamai ya kare abin da ya rubuta. Ginshiƙin duka shi ne na farko: wanda zai yi magana a kan mawaƙa irin Homer ko Virgil sai ya nuna layin da yake magana a kai cikin harshen da aka yi shi.

Wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Almajirin ilimi a zaure yana fara nahawu da Ajuruma, ya kai ga Alfiyyar Ibnu Malik, ya shiga lugga ta Ishiriniya da Maƙamatul Hariri da waƙoƙin shu'ara'u na jahiliyya. Ba ya wuce baiti sai malam ya ji ya karanta shi daidai, ya fasa shi kalma kalma. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, domin ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowanne. Ma'anar haka ita ce, a al'adarmu ilimi yana da salsala, kuma mai magana yana faɗin inda ya samo.

Akwai darasi na biyu daga wancan fage. Tsakanin 1933 da 1935 wani manazarcin Homer, Milman Parry, ya tafi ƙasar Yugoslabiya ta wancan zamani ya ɗauki muryoyin mawaƙan baka waɗanda ba su karatu ba su rubutu. Da abin da ya gano, wanda ɗalibinsa Albert Lord ya fitar a littafi a 1960, aka fahimci cewa manyan waƙoƙin Girka na farko sun fito ne daga fasahar baka. Saboda haka idan na ce matanin magabata, ina nufin abubuwa uku: rubutun Larabci na malamanmu, rubutun ajami na Hausa da Fulfulde, da kuma waƙar fada da ruwayar dattawa waɗanda aka ɗauka a faifai ko ake iya ɗauka yau.

3.0 Abin da Ƙasar Gobir Take da Shi

3.1 Tarihin a taƙaice

Gobirawa sun gangaro daga arewa, suka zauna Birnin Lalle, daga baya suka shigo kwarin Rima. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara wajen 1762, Alƙalawa ta zama babban birni. A zamanin Bawa Jan Gwarzo aka yi taron Idi na Magami wajen 1788, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar kyauta, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Bayan Bawa aka yi Yakuba da Nafata da Yunfa. Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a watan Yuni, aka sake haɗuwa a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa a ƙarshen shekarar, inda jama'ar Shehu suka yi asarar malamai da mahaddata masu yawa. Alƙalawa ta faɗi a Oktoban 1808.

Littattafan makaranta sukan rufe babin Gobir a nan, alhali labarin bai ƙare ba. A 1826 Baturen nan Clapperton ya ga harin da rundunar Sarkin Musulmi Bello ta kai wa Gobirawa a Konya, ya kuma rubuta abin da ya gani. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda suka rasa rayukansu. Bayan haka Gobirawa ƙarƙashin Mayaƙi suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Wajen shekarun 1860 wani ɗan sarautar Gobir, Ɗan Halima, ya ɓalle daga Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ribaɗi ce ta ɓangaren Sakkwato, kuma sarautarta ta Sarkin Gobir tana hannun zuriyar Bello. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni da Isa da kufan Alƙalawa suka faɗa Nijeriya. Gida ɗaya ya rabu biyu, takardunsa ma suka rabu: na wannan gefe da Ingilishi, na wancan da Faransanci.

3.2 Rubutattun tushe

Kusan duk abin da aka rubuta a lokacin da abubuwan suke faruwa ya fito ne daga alƙalamin ɓangare guda. Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812. Abdullahi ya tattara waƙoƙinsa na yaƙe-yaƙen da sharhinsu a Tazyinul Waraƙati a 1813. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya rubuta Raudul Jinani, Abdulƙadir ɗan Tafa ya rubuta Raudatul Afkari, wanda ya jero sarakunan Gobir da yaƙe-yaƙensu na ƙarni na 18, Nana Asma'u kuma ta bi sawun hijirar da waƙa. A ƙarni na 20 Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya tattara ruwayoyi a Dabɗul Multaƙaɗati. Waɗannan manyan malamai ne masu tsantseni wajen ruwaya. Duk da haka ɓangarensu ne ya yi yaƙin, shi ya ci nasara, su ne kuma suka rubuta. Manazartan tarihin Ruma sun san irin wannan matsala: labarin Kartaj, birnin da Rumawa suka rushe, yawancinsa daga marubutan ɓangaren Ruma aka same shi, shi ya sa suke koya wa ɗalibi ya tambayi kowane matani wa ya rubuta shi, don wa, kuma a wane hali.

3.3 Tushen baka da waƙar fada

Muryar Gobirawa tana cikin jerin sarakuna da ake haddacewa a fada, da kirarin Bawa, da bayanin Taran Gobir masu zaɓen sarki, da sarautar Inna, da tsagar fuska, da sunayen ƙofofi da fadamu. Kyaftin Landeroin na ayarin Faransa da Tilho ya jagoranta ya rubuta wasu daga cikin ruwayoyin nan daga bakin dattawa lokacin shata iyaka, aka buga su a Faransa a 1911. Boubou Hama ya fitar da littafinsa kan Gobir da Sakkwato a 1967, shekarar da Murray Last ya fitar da nasa kan Daular Sakkwato. Garba Nadama ya yi kundin digiri na uku kan Zamfara a 1977, Abdullahi Rafi Augi ya yi nasa kan Gobir a kwarin Rima a 1984, dukansu a Zariya.

Sai kuma Isa, wadda ta ba adabin Hausa Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir Amadu. Ya rasu wajen 1960, amma har gobe Bakandamiyarsa ce ma'aunin da ake gwada waƙar sarauta da shi. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi a kansa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka wadda ɗalibanmu suke bi. Idan Hausa tana da matanin da ya cancanci irin hidimar da ake yi wa manyan mawaƙan Girka, to waƙoƙin Narambaɗa suna sahun gaba.

4.0 Inda Kundin Yau Yake da Rauni

Duk wanda ya daɗe yana duba kundaye ya san alamomin. Take yakan fi ƙarfin ɗalibi: tarihin Gobir daga farko har zuwa yau, a shafi 60. Babi na biyu, bitar ayyukan da suka gabata, yakan zama kwafe daga kundin bara, shi ma daga na bariya, har kuskuren bugu yana bin jini daga kundi zuwa kundi. Ɗalibi yakan ambaci Infaƙul Maisuri sau da yawa, amma idan aka ce ya buɗe littafin ya nuna wurin, sai a tarar daga bakin wani ya ji. Ana kuma ɗauko takardar tambayoyi, wadda aka ƙirƙira domin nazarin zamantakewar yau, a raba wa mutum 100 a tambaye su ko sun yarda Bawa Jan Gwarzo jarumi ne, a fitar da kaso cikin ɗari, a kira shi sakamakon bincike.

A ɓangaren waƙa raunin ya fi ciwo. Narambaɗa ya yi waƙa da Hausar yamma. Yana da munka da sunka inda Kano take da muka da suka, yana ninka baƙi inda daidaitacciyar Hausa take jan wasali, yana da hw inda ake rubuta f. Ɗalibi yakan ɗauko waƙar daga intanet, wani ya riga ya mayar da ita Kananci, gaɓoɓin sun canza, nauyin layi ya karye, sannan ya zauna yana nazarin karin waƙar da mawaƙin bai taɓa rerawa ba. Kalmar da bai gane ba sai ya musanya ta da wadda ya sani.

Laifin bai tsaya kan ɗalibi ba. Malami guda yakan riƙe ɗalibai da yawa a zango ɗaya, ga koyarwa ga gyaran jarrabawa. Ƙa'idar sashe ba ta ce a kawo tushe na asali ba, don haka wanda ya wahala ya nemo da wanda ya kwafa sukan tashi da maki kusan ɗaya. Ɗalibi kuwa yana da wayo, abin da ake aunawa shi yake kawowa.

5.0 Sharuɗɗan da Ake Ba da Shawara

5.1 Harshe

Kafin a amince da take, a gwada ɗalibi a kan harshen tushensa. Mai son aiki kan rubutun Larabci a ba shi shafi guda na rubutun hannu da bai taɓa gani ba, ya karanta ya fassara. Mai son ajami a ba shi baitoci ya mayar da su boko. Mai son waƙar fada a kunna masa faifai ya rubuta abin da ya ji da karin harshen mai waƙar. Wannan gwaji ya kamata a yi shi a ƙarshen aji uku, domin wanda ya gaza ya sami hutun ƙarshen shekara ya gyara, ko ya sauya fage ba tare da asara ba. Ɗalibin Tarihi da zai taɓa Tsibiri yana buƙatar Faransancin da zai iya karanta takarda da ƙamus a gefe.

5.2 Matani guda, ƙarami

A hana take mai faɗi. Abin da ya dace da shekara ɗaya shi ne wasiƙa guda ko biyu tsakanin Sakkwato da wani ribaɗi, ko ƙasida ɗaya daga Tazyinul Waraƙati kan yaƙi ɗaya, ko waƙar Narambaɗa guda da aka ɗauka a lokuta biyu, ko jerin sarakuna daga bakin mutum biyu. Ga misalin tambayar da ta isa kundi: wasu littattafai sun sa rasuwar Bawa Jan Gwarzo wajen 1790, wasu sun kai ta 1795. Ɗalibin da ya jera abin da ɗan Tafa ya ce, da abin da Landeroin ya ji, da abin da fadar Sabon Birni take riƙe da shi, ya nuna inda saɓanin ya samo asali, ya yi aikin da za a amfana da shi ko bai yanke hukunci ba.

5.3 Siffanta kwafi

Babi guda na kundin ya zama bayanin abin da ɗalibi ya riƙe a hannunsa. Rubutun hannu na ƙasarmu warƙoƙi ne a sake, ba ɗinki, ana ajiye su tsakanin kwali biyu a cikin gafaka. Ba su da lambar shafi. Abin da yake tsare jerinsu shi ne kalmar da marubuci yake sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba, kuma da ita ake gane ko wata warƙa ta ɓace. Ɗalibi ya ɗaga takardar a hasken rana: idan ya ga tambarin jinjirin wata uku a jere, to irin takardar nan ce ta arewacin Italiya wadda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da ita. Ya lura da rubutun Magariba, inda fa'un take da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ya karanta ƙarshen littafin, inda mai kwafe yakan faɗi sunansa da na wanda ya yi wa aikin.

Sai lissafin shekara. Malamanmu sukan ɓoye shekarar kammala waƙa cikin kalma guda ta hanyar ramzi, kowane harafi da adadinsa. Lissafin da suke bi na Magariba ne, inda shinun take 1000. A lissafin Gabas, wanda yake cikin yawancin littattafan da ake bugawa yau, shinun 300 ce. Ɗalibin da bai san wannan ba zai mayar da waƙar ƙarni na 13 na hijira baya da shekara 700. Ga mai aikin faifai kuwa, ya faɗi inda ya samo shi, da tsawonsa, da ko an yanke wani ɓangare, da wurin da jagora ya tsaya 'yan amshi suka karɓa.

5.4 Sauraren ɓangarori biyu

Duk kundin da ya taɓa rikicin Gobir da jama'ar Shehu ya kawo aƙalla shaida ɗaya daga kowane gefe, ya kuma faɗi matsayin mai shaidar. Manufa ita ce adalcin ilimi, wanda malaman jihadin kansu suka yi aiki da shi: Bello ya kawo wasiƙun Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno a cikin Infaƙul Maisuri, duk da cewa suka ne a kan jihadin, sannan ya ba su amsa. Ɗalibi Bagobiri ya koyi karanta Bello da natsuwa, ɗalibin da ya fito daga gidan malamai ya koyi zama gaban makaɗin fada da ladabi.

5.5 Kare ran ɗalibi da na mai ba shi bayani

Kowa ya san halin da gabashin Sakkwato yake ciki. A watan Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni. A 2021 har sai da aka katse layukan waya a yankin. Tun 2019 dubban mutane suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi gudun hijira. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, Allah ya jiƙansa. Saboda haka kada wani sashe ya wajabta wa ɗalibi zuwa ƙauye, kada kuma a rage wa wanda bai je ba maki. Dattawan Gatawa da Tarah da Bafarawa da Turba da yawa suna cikin Sakkwato da wasu garuruwa a wurin 'yan'uwa, ana iya samun su a can. A amince da hira ta waya idan an naɗe ta. A nemi izinin mai magana kafin a ɗauki muryarsa, kuma a bar ɗalibi ya sakaya suna da ƙauye idan bayyana su zai jawo wa mutum fitina, ainihin bayanin ya zauna a wurin mai dubawa kaɗai.

5.6 Karewa da ajiya

A ranar karewa a ajiye matanin a kan tebur, ko a kunna faifan, mai jarrabawa ya nuna layi ya ce a karanta. Minti goma sun isa a bambance wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa a shagon kwamfuta. Bayan haka, kada a sa hannun ƙarshe sai ɗalibi ya miƙa hoton kowace warƙa da kwafin kowace murya ga ɗakin karatu na jami'a, a kuma aika kwafi ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. Asalin takardar ta koma ga masu ita, tare da kwafin kundin. Gidan da ya ga an mayar masa da amanarsa zai buɗe wa ɗalibi na gaba gafaka.

6.0 Uzurorin da Za a Kawo

Za a ce wannan aikin masu digiri na biyu ne. Amsa ita ce an rage faɗin aikin ne domin a ƙara zurfinsa, kuma wasiƙa mai layi 20 ba ta fi ƙarfin ɗalibin da ya shekara uku a sashen Larabci ba. Da yawa daga cikin 'ya'yan Isa da Sabon Birni sun shigo jami'a da karatun allo da na zaure, sun iya rubutun Magariba tun suna yara. Tsarin da muke bi yanzu bai taɓa tambayar su wannan baiwa ba.

Za a ce babu malamai isassu. A nan sassa za su taimaki juna: ɗalibin Tarihi ya sami mai karatu na biyu daga Larabci, na Hausa ya samu daga Tarihi. A kuma shigo da malaman zaure da masanan fada a matsayin masu ba da shawara, a rubuta sunayensu a kundin da girmamawa, a ba su ɗan abin goro daga asusun sashe.

Za a ce babu kayan aiki. Wayar da ke aljihun ɗalibi tana ɗaukar hoto da murya fiye da na'urar da aka ɗauki Narambaɗa da ita. Akwai rubuce-rubuce a Sakkwato, da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da tarin Zariya da Kano da Ibadan, da cibiyar binciken kimiyyar ɗan'adam ta Yamai. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo tana Maraɗi, Tsibiri na gefenta. Yarjejeniyar musayar hotunan takardu tsakaninta da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba ta buƙatar kowa ya hau hanya.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙimar kundi a wannan fage tana ga tushen da aka gina shi a kai, kuma Gobir tana da tushe iri uku da suke jiran masu aiki: rubutun Larabci, ajami, da abin da ke bakin dattawa da makaɗa. Littattafan Bello da Abdullahi an buga su, suna nan. Waɗanda suke cikin haɗari su ne takardun da ke gidajen limamai da alƙalai a garuruwan da ake tashi cikin dare, da ruwayar tsofaffin da suke zaman gudun hijira.

Kirana ga shugabannin sassan Larabci da Hausa da Tarihi na jami'o'in Sakkwato da Gusau da Katsina shi ne su yi amfani da kashi 30 ɗin da manhaja ta bar musu, su sa kwas na karatun rubutun hannu da rubuta waƙar baka a aji uku, su kuma rubuta waɗannan sharuɗɗa shida a littafin ƙa'idar kundi. Idan sashe guda ya fitar da irin wannan kundi goma a shekara, cikin shekara goma an tsare matani ɗari. Wannan aiki ne da majalisar sashe za ta iya zartarwa a zama ɗaya, kuma ya kamata a fara shi da ɗaliban da za su shiga aji huɗu a zango mai zuwa.